Furen da Ba Ya Yaushi: Tunani a kan Kyauta da Nauyinta

Mene ne ainihin abin da mutum yake miƙawa sa'ad da ya yi kyauta? Tsohuwar tambaya ce, amma wata ƙaramar sana'a da ake gani yau a birnin Katsina ta sa na sake ɗago ta. Mata na saƙa furanni da kwarashi da zaren ulu. A saƙa dogon zubi a naɗe shi ya zama fure, a soka masa waya a lulluɓe ta da koren zare ta zama kara, sannan a haɗa guda biyar ko goma a ɗaure cikin takarda, a kai wa amarya ko maijego ko ɗalibar da ta kammala karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa.

Akwai masu ganin abin a matsayin yaudara. Hujjarsu ita ce darajar fure tana cikin ƙamshinsa da gajeren ransa, don haka wanda ba ya ƙamshi kuma ba ya mutuwa hoton fure ne kurum. Ina ganin sun haɗa abu biyu da ba su haɗu ba. Furen roba shi ne mayaudari, domin burinsa a ɗauke shi a matsayin na gaske. Furen saƙa kuwa bai ɓoye asalinsa ba. Kowane ƙulli yana fili, ido na iya ƙirga shi. Ga shi kuma kwarashi na daga cikin sana'o'in da har yau hannu ne ke yinsu, injin masaƙa bai ƙwace su ba. Wanda ya riƙe damin nan, sa'o'in wani ɗan Adam ya riƙe.

Wannan ma'auni ba baƙo ba ne a wurinmu. Kakanninmu mata sun saƙa faifai, sun yi kaɗi da mazari, sun jera ƙore da tasoshi a ɗakin amarya domin a ga hannun dangi. Garin da ya ba waliyyinsa laƙabin Ɗan Marina ya san mutuncin zare da baba. Kuma a ƙasar da iskar hunturu ke busar da ganye cikin yini guda, furen da aka tsinko a gonakin Naibasha ta Kenya zai sha wahala kafin ya kai Ƙofar Marusa da ransa. Saboda haka furen zare ya fi dacewa da mu.

Sai dai dawwamar nan da muke yabo tana da nauyinta. Masanin nan Bafaranshe, Marcel Mauss, ya nuna a nazarinsa na 1925 cewa kyauta na tafe da wajibai uku: bayarwa, karɓa, da ramawa. Bahaushe ya riga shi sani, shi ya sa yake da biki, yake kuma cewa yaba kyauta tukuici. Furen gaske yakan bushe cikin mako guda, ya tafi da rabin nauyin da ya ɗora wa mai karɓa. Na zare kuwa yana nan a kan kabad shekara da shekaru, yana kallon mai ɗaki. In zumunci na da rai, ganinsa daɗi ne. In zumunci ya yi tsami, sai ya koma shaidar bashi. Don haka wanda zai ba da abin da ba ya mutuwa, wajibi ne ya kashe a zuciyarsa tsammanin a rama masa.

A nan batun nuni ya shigo. Idan wadda aka ba ta sa damin a tulu ta ajiye inda baƙi za su gani, godiya take yi, kuma tukuicinta ke nan. Amma idan mai bayarwa ne ya ɗauki hoto ya watsa a WhatsApp kafin kyautar ta huce a hannun mai ita, to ya riga ya biya kansa da yabon jama'a. Abin da ya rage wa mai karɓa gori ne cikin takarda mai ƙyalli. Haƙƙin nuna kyauta, a ganina, na wanda aka ba ne shi kaɗai.

Saura mutum na uku da ake yawan mantawa, wato mai saƙar. Yawancin masu ba da damin saye suka yi, kuma ban ga aibu a nan ba, domin ba kowa Allah ya ba hannu ba. A lokacin yunwar da ta afka wa ƙasar Ayilan daga 1845, saƙar kwarashi ta ciyar da gidaje da dama, tana kuma iya yin haka a Katsina. Aibun shi ne mutum ya matse mai saƙa a ciniki har ya biya kuɗin zare kawai, sannan ya je yana alfahari da cewa aikin hannu ne. Wanda ya yi haka ya yi kyauta da lokacin da ba nasa ba, bai kuma biya ba.

Amsata ga tambayar farko ke nan: lokaci muke miƙawa, wanda shi ne kaɗai dukiyar da ba a mayarwa. Kyautar furen zare tana cika ne da sharuɗɗa uku: a biya hannun da ya saƙa da adalci, a miƙa ba tare da jiran ramuwa ba, a kuma bar wa mai karɓa ikon nunawa ko ɓoyewa. In an cika su, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. In an saɓa, zare ne kawai a kan waya.