Haƙora Huɗu a Tayar Baya

Shekarar da Baba ya sakar mini kekensa, ban yi kwana uku da shi ba na tura shi wurin mai gyara, wani dattijo da ke zama a gindin darbejiya a bakin hanyar Ƙofa. Keken lafiyarsa lau. Tsohon Raleigh ne, irin wanda aka riƙa haɗawa a Kano a shekarun 1970, mai birkin ƙarfe da kariya mai faɗi. Damuwata ɗaya ce: ba ya gudu. Ina juya ƙafa kamar mai ɗinki, sa'o'ina masu Phoenix suna wuce ni.

Dattijon ya kifa keken a kan sirdi, ya ɗauki ƙusa, ya bi haƙoran babban faifan gaba yana ƙirgawa a fili. Ya samu 44. Ya koma firiwil na baya, ya samu 22.

"Yaro, ubanka ne ya sa wannan, kuma ya san abin da ya sa. Me kake so?"

Na ce, "Baba, mai 18 nake so."

"Me za ka riƙa ɗauka?"

Na ce ba komai. Bai ƙara magana ba. Ya kwance tayar, ya ɗaura mai 18, ya cire gaɓa ɗaya daga sarƙar don kada ta yi sako-sako.

Lissafin ba wuya. Tayar babban keke mai inci 28, in ta juya sau ɗaya, tana cin ƙasa wajen mita 2 da 'yan kai. Da 44 a gaba da 22 a baya, duk zagayen feda ɗaya tayar na juyawa sau 2, wato kusan mita 4 da rabi. Da aka sa 18, zagaye ɗaya ya koma kusan mita 5 da rabi. Mita guda cur a kowane zagaye! A kan kwalta, ba kaya, da sanyin safiya, wallahi ji nake kamar an sake mini keke. Abin da ban lissafa ba shi ne wanda zai biya kuɗin wannan mitar. Ƙarfin da ƙafa za ta danna ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya cikin biyar, kuma ba a kan kwalta ake gane haka ba.

Da kaka ta yi na gane. Aka ɗaure mini buhun masara a kariya daga gona. Hanyar burji ce, tana gangarawa rafi sannan ta hau. A hawan nan na miƙe tsaye a kan feda, na danna har keken yana kuka, gwiwata na rawa, ya ƙi tafiya. Na sauka na tura. Kawuna ya zo ya wuce ni a zaune a kan sirdi, da damin rake da ya fi buhuna nauyi, ƙafarsa na juyawa a hankali kamar ba kaya. Ya waiwayo ya ce, "Ɗana, sauri ya haifi nawa."

Na daɗe ina tunanin wannan hawan. Keken da ba shi da giyar canji yana tilasta wa mutum ya yanke shawara sau ɗaya, tun a gindin bishiya, kafin ya ga hanya. Wanda ya zaɓa don ranar da ba kaya, zai sha wuya ranar da ya fi buƙatar keken. Shi ya sa masu dakon rake, da masu itace, da masu kai shinkafa kasuwa a Tudun Wada suka fi son firiwil mai haƙora da yawa. In ka bi hanyar Kwanar Ɗangora ka miƙe kudu, ka ratsa dajin Falgore zuwa Doguwa, ƙasa sai ɗagawa take har duwatsun Riruwai. Abin da ya yi wa ɗan makarantar da ke bin kwalta daidai, mai ɗaukar masara a can zai ce masa azaba ne.

Wannan matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. A tseren keken Faransa da aka fara a 1903, sai a 1937 aka yarda kowa ya yi amfani da giyar canji. Kafin nan, ɗan tsere kan sa haƙora iri biyu, ɗaya a kowane gefen tayar baya. In ya iso gindin dutse sai ya sauka, ya kwance tayar, ya juya ta, ya ɗaure.

Akwai kuma ƙarfen da ke riƙe da feda, wanda ba kowa ke kula da tsawonsa ba. A manyan kekunanmu inci 7 ne yawanci, ƙanana kuma inci 6 da rabi. Dogon yana ƙara ƙarfi, kamar yadda bakanike ke zura fayif a hannun sifana in noti ya ƙi kwantuwa. Amma yana ɗaga gwiwa sama sosai, yana kuma kai feda kusa da ƙasa. Gajeren mutum a kan dogon ƙarfe, za ka ga ƙugunsa na karkata hagu da dama a kan sirdi, da yamma yana kukan baya bai san dalili ba.

Haɗarin tsawon nan na gan shi da idona ranar da firiwil ɗin wani abokina ya mutu a hanya, feda na juyawa taya ba ta amsawa. Wani mai faci ya ɗaure haƙoran a jikin wayoyin tayar da waya, don ya kai gida. Keken ya tafi, amma ya zama wani abu dabam: muddin taya na juyawa, feda ma sai ta juya, babu hutun ƙafa ko a gangara. A wata kwana ya kwantar da keken kamar yadda ya saba, fedar ta zo ƙasa a kan lokacinta, ta daki kunyar gona, ta watsar da shi. Irin wannan keken, marar firiwil, shi 'yan tseren cikin fili ke hawa da gangan, kuma da yawansu na zaɓar gajeren ƙarfe mai milimita 165 saboda wannan dukan ƙasar.

Bayan girbi na koma gindin darbejiya. Dattijon ya tura hannu cikin gwangwanin da yake tara tsofaffin ƙarafa, ya zaro firiwil ɗin Baba, naɗe a tsumma mai baƙin mai, tare da gaɓar sarƙar da ya cire.

"Na ajiye maka," ya ce. "Yanzu faɗa mini, me za ka riƙa ɗauka, kuma ta wace hanya?"

Na zauna a kan benci na lissafa masa: masara da kaka, taki da bazara, jarkokin ruwa, da zuwa Tiga wani lokaci. Ya saurara har na gama, ya mayar da mai 22.