'Yar Kujera Mai Ƙafa Uku

Mai zanen gini sau ɗaya yake sayar da gida. Zai yi wata da watanni yana zane, yana gogewa, suna jan magana da mai gida a kan inda za a sa matakala, a biya shi, shi ke nan. Ko gidan zai shekara ɗari ana karɓar haya a cikinsa, sisi ba zai sake shiga aljihunsa ba. Aikin kuma ba ya zuwa a jere. Bana kwangila uku a lokaci guda, baɗi shiru, ga yaran ofis suna jiran albashi kowane ƙarshen wata. Wannan ciwo ya daɗe a sana'ar, kuma babu ƙasar da ya bari. A Finlan akwai wata 'yar kujera da ke nuna yadda wasu ma'aurata masu zanen gini suka nemi maganinsa.

Kujerar ba ta da majingina, ba ta da hannu. Faifan katako ne zagayayye mai faɗin santimita 38, a kan ƙafafu uku, tsayinta santimita 44. In ka gan ta a ɗakin jira ba za ka waiwaya ba. Alvar Aalto ne ya fito da ita tsakanin 1932 da 1933, lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, masu gini suka yi ƙaranci. Sunanta a kasuwa kujera mai lamba 60, kuma har yau ana ƙera ta, an sayar da miliyoyi.

Duk basirar tana ƙafa. Tsohuwar wahalar kafinta ita ce haɗa abin da ke tsaye da abin da ke kwance: sai an fafe, an sassaƙa, an cusa wannan cikin wancan, kuma nan ne kujera ta fi saurin yin girgiɗi. Aalto da wani gogaggen kafinta mai suna Otto Korhonen, wanda ke da masana'antar kayan katako kusa da birnin Turku, suka bi wata hanya dabam. Sai su ɗauki sandar wani farin icce mai ƙarfi da ya cika dazukan ƙasar, su tsattsaga kanta da zarto a tsaye, su cusa siraran ɓawon katako da gam a cikin tsagogin, su gasa da zafi, sannan su lanƙwasa har kan sandar ya kwanta. In ta bushe ba ta sake miƙewa. Wannan kan da ya kwanta shi ake ɗaurewa da sukuru a ƙarƙashin faifan, ba fafa, ba sassaƙa. Ƙafar guda kuwa, in an ƙara mata tsawo ta zama ta tebur, in an rage ta zama ta benci. Kujerun suna hawa kan juna har su yi tsiri a kusurwar ɗaki, kuma ana iya aika su ƙasar waje a kwance cikin kwali, mai saye ya ɗaure da kansa. Aalto ya yi wa dabarar rajistar mallaka.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda kujerar ta fito. Aalto bai zauna yana tunanin abin da zai sayar don ya rage zafi ba. Gine-ginensa ne suka nemi kaya. A asibitin masu tarin fuka da shi da matarsa Aino suka zana a Paimio, wanda aka kammala a 1933, sun zana kusan komai, har fitilu da wurin wanke hannu da aka karkata shi don kada ƙarar ruwa ta dami marar lafiyar da ke gado na kusa, da kujerar hutawa da aka kishingiɗar da bayanta don numfashi ya zo da sauƙi. A laburaren Viipuri, da aka buɗe a 1935, akwai zauren lacca da ke bukatar wurin zama mai yawa wanda za a iya kwashewa cikin ɗan lokaci, nan aka jera 'yar kujerar. Garin yanzu yana cikin Rasha, ana kiransa Vyborg. Wato kayan sun amsa wata bukata ta gaske a cikin wani gini na gaske, mutane sun zauna a kai, an ga inda ke ciwo an gyara.

A ƙarshen 1933 aka baje kayan a kantin Fortnum & Mason da ke Landan, Turawan Ingila suka yi rububi. Oda ta fi ƙarfin ofishin zane, don mai zane bai san lissafin jigila da bin bashi ba. Sai a 1935 mutum huɗu suka kafa kamfanin Artek a Helsinki: Alvar, da Aino, da Maire Gullichsen wadda ta fito daga gidan masu arziki, da Nils-Gustav Hahl mai rubutu a kan fasaha. Kowa da abin da ya kawo, wani zane, wata jari da sanin manya, wani baki da alƙalami, ga masana'antar Korhonen can tana ƙira. A nan ya kamata a yi wa Aino adalci, don sunan miji ya saba danne nata. Ita ma cikakkiyar mai zanen gini ce, ita ta riƙe ragamar Artek daga 1941 har rasuwarta a 1949, kuma kofunan gilashin da ta zana a 1932 kamfanin Iittala bai daina yin su ba. Ita kuwa Maire, ita da mijinta ne suka ba su aikin gidan Villa Mairea, ɗaya daga cikin gidajen da aka fi yabo a ƙarni na 20. Hulɗar kujera ta jawo kwangilar gida.

Ba su kaɗai ba ne. Arne Jacobsen na Denmak ya zana otal ɗin SAS Royal a Kopenhegan, aka buɗe shi a 1960, tun daga ginin har cokulan cin abinci. Da shekaru suka ja, masu otal suka yi ta canza cikinsa, har ya zama ɗaki mai lamba 606 ne kawai aka bari yadda ya tsara shi. Amma kujerar nan mai siffar ƙwai da ya zana domin falon otal ɗin, kamfanin Fritz Hansen yana nan yana sayar da ita da tsada a duniya. Michael Graves na Amurka kuwa, duk manyan gine-ginensa, abin da ya shigar da sunansa ɗakunan girki shi ne butar shayin da ya zana wa kamfanin Alessi na Italiya a 1985, mai ɗan tsuntsu a baki da ke fito in ruwa ya tafasa. Daga 1999 ya shiga zana wa kantunan Target kayan gida masu araha. Da ciwo ya shanye masa ƙafafu a 2003, ya koma keken guragu, sai ya juya ga zanen kayan asibiti, don ya ɗanɗana muninsu da jikinsa.

Shawarwarin da aka saba bai wa matasan masu zanen gini a yau na wani iri ne: ka riƙa yi wa wasu ofisoshi hotunan gini na kwamfuta, ka koyar da manhajar zane, ka sayar da zanen gida na shirye ta intanet. Ban raina ko ɗaya ba, halak ne, kuma ba sa bukatar jari. Sai dai biyun farko lokacinka kake sayarwa, ranar da ka kwanta ciwo ciniki ya tsaya. Na ukun kuwa yana maimaituwa, amma yana da lam'a, domin zanen da aka yi ba tare da an ga fili ba bai san ta ina rana take faɗuwa ba, bai san ina ruwa yake bi da damina ba. Ƙaramin abu irin kujera, ko fitila, ko marikin ƙofa, shi ne ake zanawa sau ɗaya a yi ta sayarwa ba tare da an cuci mai saye ba.

A wannan nahiyar ma akwai masu bin hanyar. Tosin Oshinowo ta Legas, wadda ta tsara sabon garin Ngarannam a jihar Borno domin mutanen da rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu, aka buɗe shi a 2022, tana da kamfanin kujeru mai suna Ilé-Ilà tun 2017, inda ake lulluɓe su da saƙin Yarbawa na aso-oke. Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya ci kyautar Pritzker a 2022, kafinta ya fara koya kafin ya karanci zanen gini a Jamus. A laburaren makarantar ƙauyensu Gando, tukwanen ƙasa na matan garin aka yanka aka jera a rufi, haske yana shiga, zafi yana fita. Wanda ya san hannun masu sana'ar garinsu ne kaɗai wannan dabara za ta faɗo masa.

Mu kuwa fa? Duk wanda ya zaga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja ya ga ƙofofin ƙarfe na Sin da Turkiyya jere reras, kuma su ne masu zanenmu suke rubutawa a takardar kayan aiki. Alhali gidan ƙasar zafi yana da bukatun da waɗannan kaya ba su san da su ba. Ana son taga mai shigo da iska, ta tare ƙurar hunturu da sauro, ta kuma hana na waje leƙen tsakar gida. Ana son bulo mai huji da zai yi wa baranda inuwa, da ƙofar zaure mai ba da iska ko tana rufe, da wurin alwala da ba ya jiƙa wa mutum riga. Kowane mai zane yana warware ɗaya daga cikin waɗannan a gidan wani Alhaji, ya miƙa wa mai walda zanen, a yi guda shida, a manta. Ga maƙera, ga kafintoci, ga dukawa, ga marinar Ƙofar Mata, hannu bai yi ƙaranci ba.

Na san abin da za a ce: kwaikwayo. Ka fito da ƙofa yau, jibi wani ya ɗauki hotonta da waya, mako mai zuwa ga ta a bakin titi da rabin kuɗi. Gaskiya ne, kuma Aalto ma bai tsira ba, kamfanin IKEA ya taɓa yin shekaru yana sayar da wata mai ƙafa huɗu da ta yi kama da tasa ƙwarai, a kan ɗan kuɗi kaɗan. Dokar Najeriya ta 1970 ta ba da damar yi wa zanen kaya rajista na shekara biyar, a sabunta har sau biyu, su kuma mutanen Nijar suna bi ta hukumar OAPI da ke Yawunde. Amma wa zai kai mai waldan unguwa kotu? Abin da ya fi takarda tsare kujerar Aalto shi ne ƙafar tana da wuyar yi. Hoto zai nuna maka lanƙwasar, ba zai nuna maka irin busasshen iccen, da yawan tsagogin, da gam, da zafin da aka ba ta ba. Kayan da adonsa ne kawai abin sayarwa, ranar da ya fito ranar ake kwashe shi. Wanda dabararsa take cikin ƙira, mai kwaikwayo sai ya ɓata kaya da yawa kafin ya kamo.

Saura maganar da ke raba abokai. Mai zane ya kan ɗauki mai sana'a a matsayin ɗan aike, shi kuma mai sana'a yana ganin zane ba aiki ba ne tunda ba a yi gumi ba. Tun kafin a yanka ƙarfen farko ya kamata su zauna gaban shaidu a rubuta: wa zai sayi kayan gwaji, wa ke da ƙarfen buga bulon ko ma'aunin lanƙwasa in an rabu, nawa mai zane zai karɓa a kan kowace guda da aka sayar, kuma me zai faru in wani ya zo shagon kai tsaye ya ce a yi masa irinta ba tare da mai zanen ya sani ba. Wannan na ƙarshen kusan kullum yana faruwa, galibi tun kayan farko ba su gama bushewa da fenti ba.