Bashi Da Dutsen Niƙa

Karatu: Maimaitawar Shari'a 24:6-13, 2 Sarakuna 4:1-7



Ka taɓa cin bashi? Ba sai ka amsa ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ikkilisiyarmu tana da rumbu. Da kaka masu bi sukan kawo gero a zuba, in damina ta yi tsakiya, rumbunan gidaje sun ƙare, sai a ba mabukata rance su biya in an yi girbi. Bana ruwa ya ɗauke da wuri a wajenmu, gidaje bakwai ba su biya ba. Da muka zauna da dattawa, ɗaya ya ce, "Fasto, in muka yafe musu, baɗi wa zai biya? Rumbun zai mutu." Wani kuwa ya ce, "To, so kake su sayar da gona?" Muka tashi ba mu yanke magana ba.

Na koma gida ina tunani. Ashe gardamar dattawan nan biyu ita ce manyan duniya suke yi a Faris da Washinton shekara da shekaru. Bambancin kawai, mu da tiya muke awo, su da biliyoyin dalar Amurka.

Bari in tuna maka yadda abin ya same mu. A shekarun 1970 uraniyom na Arlit ya yi daraja, Nijar ta ci bashi da zaton kasuwa za ta dore. Da aka shiga shekarun 1980 farashin ya faɗi, kuɗin ruwa kuma ya hau a kasuwannin duniya. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Bashin da ake binmu da kuɗin waje ya ninka a lissafin sefa cikin dare ɗaya, ba tare da an ƙara mana ko dala ba. Ina yaro a lokacin, ban san abin da ake nufi ba, sai dai na ga mahaifiyata ta dawo daga kantin magani da rabin abin da aka rubuta mata.

A 1996 Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya suka buɗe shirin rage wa ƙasashe matalauta bashi, wanda muka sani da PPTE. Da fari tafiyarsa ta hawainiya ce. Sai masu bi da sauran mutane masu tausayi a ƙasashe da yawa suka tashi da kira, suka ɗauki sunan kiran daga shekarar murna ta hamsin da ke cikin Littafin Firistoci sura 25. A watan Mayu na 1998 mutum wajen 70,000 suka riƙe hannun juna suka kewaye tsakiyar birnin Birmingham a Ingila, inda shugabannin ƙasashe takwas masu ƙarfi suke taro. A 1999, a birnin Kolon na Jamus, aka faɗaɗa shirin. Nijar ta shiga a Disamba 2000, ta cika sharuɗɗa a Afrilu 2004. A 2005, a taron Gleneagles, aka yarda a shafe bashin da manyan bankunan raya ƙasa suke bin ƙasashen da suka cika sharuɗɗan. A wannan shekara kuma Nijeriya ta daidaita da ƙungiyar masu bin bashi ta Faris: cikin wajen dala biliyan 30 aka yafe 18, ta biya wajen 12, ta gama a Afrilu 2006. A ƙauyukanmu akwai azuzuwa da ƙananan gidajen likita da aka gina da kuɗin PPTE a zamanin Shugaba Mamadu Tanja. Waɗansu sun lalace, waɗansu kuwa har yau ana haihuwa a cikinsu.

Yanzu mu ba dattijo na fari hakkinsa, gama maganarsa ba ta banza ba ce. Zabura ta 37 ta lasafta mai cin bashi ya ƙi biya cikin mugaye. Kuɗin da aka ranta wa ƙasa ba daga sama suka faɗo ba, harajin wani ma'aikaci ne, ko ajiyar wata tsohuwa a wata ƙasa. Tsoron dattijon nan kuma ya tabbata a wurare. An sauke wa Gana kaya a 2004, Zambiya a 2005. A Nuwamba 2020 Zambiya ta kasa biya, a Disamba 2022 Gana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje. Annoba da tsadar kaya sun taimaka, gaskiya ne, amma an ci bashi ba da lissafi ba. A Mozambik ma, a 2016 aka gano bashin wajen dala biliyan 2 da aka ci a ɓoye, ba da sanin majalisa ba, da sunan jiragen kamun kifi da tsaron teku. Mu masu wa'azi mukan so mu tsallake wannan wuri, domin zagin mai arziki na nesa ya fi sauƙi a kan bagade. Amma duk wanda ya yi wa'azin yafewa, bai yi wa'azin riƙon amana ba, rabin Littafi ya karanta.

To, me karatunmu na yau ya ce? Shari'ar Musa ba ta hana ba da rance ba, ba ta kuma hana karɓar jingina ba. Iyaka ta sa. Ta hana a karɓi dutsen niƙa, ko ɗan dutsen da ake niƙa da shi, domin wanda ya ɗauke shi ya ɗauke abincin gidan na gobe. In mayafin matalauci ne aka karɓa, a mayar masa kafin dare ya yi, ya sami abin rufa. Akwai kuma wata doka da na daɗe ina karantawa ban lura da ita ba: mai bin bashi ba zai shiga ɗakin wanda yake bi ya zaɓi abin da yake so ba. A waje zai tsaya, mai gidan ya fito masa da jinginar da hannunsa. Ka ga, Allah ya kula da cikin matalauci, ya kuma kula da mutuncinsa a gaban matarsa da 'ya'yansa.

Mene ne dutsen niƙan ƙasa? Albashin malamin makaranta ne, da allurar rigakafi, da irin shuka, da rijiya. A 2023 wani rahoto na Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mutum biliyan 3.3 suna zaune a ƙasashen da abin da suke kashewa wajen biyan kuɗin ruwa ya fi abin da suke kashewa a kan ilimi ko a kan lafiya. Kuɗin ruwa kaɗai ke nan, ba a taɓa uwar kuɗin ba. A shekarun 1980 da 1990 kuma, sharuɗɗan da aka gindaya wa ƙasashe da yawa sun kai ga daina ɗaukar ma'aikata, da sa talaka ya biya kafin a duba shi a asibiti. A ganina wannan shiga ɗaki ne. Ban ce kada mai ba da rance ya tambayi inda kuɗinsa za su ba. Sharaɗin da ya ce a kashe kuɗin da aka yafe a kan makaranta da magani, a kuma nuna lissafi a fili, sharaɗi ne mai kyau, da ma mu muka fara sa wa kanmu shi. Amma tambaya daga bakin ƙofa daban take da kutsawa har madafa.

Ga wata tambaya da ta fi wuya. Wa ya ci, wa zai biya? Mobutu ya mulki Kwango daga 1965 zuwa 1997, masu ba shi rance kuwa sun san halinsa, ba a ɓoye yake ba. Ya tafi ya bar bashin a wuyan waɗanda ba su ga ko ƙyallin kuɗin ba. Haka matar nan ta 2 Sarakuna 4. Mijinta, mai tsoron Allah, shi ya ci bashin, ya mutu, mai bin bashi kuwa yana zuwa ya kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayi. Ka lura da abin da Elisha ya yi. Bai ce mata ta ƙi biya ba. Bai kuma ce ta haƙura ta miƙa yaran ba, wai alkawari kaya ne. Da Allah ya yawaita ɗan man da ke gidanta, annabin ya sa ta sayar ta biya, ita da yaran kuma su ci daga abin da ya ragu. Wannan ragowar ita ce ma'aunina. Biyan da ya bar ragowar rayuwa wajibi ne. Biyan da zai cinye yaran, ko da takarda da hatimi, Allah bai sa hannu a kai ba.

Kada ka ce wannan mafarkin fasto ne wanda bai san kasuwa ba. An taɓa yi. A Landan, a 1953, ƙasashen da suke bin Jamus ta Yamma bashi suka yafe mata wajen rabi, suka kuma yarda biyan sauran ya bi ƙarfin abin da take samu daga ciniki da waje. Shekara takwas ke nan kacal bayan yaƙin da Jamus ta tayar. Sun gane in aka yanka saniya yau, babu nono gobe. Jamus ta farfaɗo, ta biya, yau tana cikin masu zama a teburin Faris a gefen masu bin bashi.

Akwai wata matsala da ta sa shawarwarin zamanin nan suke jan ƙafa. Dā masu bin bashi kaɗan ne, sun san juna. Yanzu ga Sin, ga bankuna, ga 'yan kasuwa masu riƙe da takardun bashi, kowa yana tsoron in ya yafe, abin da ya bari aljihun ɗayan zai shiga. Tsoron yana da dalili. A 1979 Zambiya ta sayi motocin noma bashi daga Romaniya. A 1999 wani kamfani ya sayi wannan bashi a kan wajen dala miliyan 3, daga baya ya kai Zambiya ƙara yana neman miliyan 55. A 2007 kotu a Landan ta ba shi wajen miliyan 15. Turawa da kansu ungulu suke kiran irin waɗannan kamfanoni. A Nuwamba 2020 ƙasashe ashirin masu ƙarfin tattalin arziki suka kafa sabon tsari domin a tara masu bin bashi duka a tabarma ɗaya. Cadi ce ta fara nema, a Janairu 2021. Sai a Nuwamba 2022 aka daidaita, ba a kuwa rage mata kome ba, domin farashin man fetur ya hau a tsakani, lokacin biya kawai aka gyara. Zambiya ta jira har Yuni 2023 kafin ƙasashen da suke binta su yarda. Yaron da aka haifa ranar da ta kasa biya, ya yi wayo yana gudu kafin manya su gama shawara.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, da a nan na tsaya, da kowa ya ce amin ya tafi da sanyin zuciya, gama babu ɗayanmu da za a gayyata Faris. Amma misalin da Ubangiji ya bayar a Matiyu 18 ba ya barin mutum ya tsira haka. Bawan da sarki ya yafe wa talanti dubu goma, da fitarsa ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan dinari ɗari. Mu da muke kuka da kuɗin ruwan Turawa, nawa muke karɓa da kaka a kan tiya ɗaya da muka bayar a watan Agusta? Biyu? Na san inda ake karɓar uku, mai karɓar kuma yana cikin mawaƙa ran Lahadi. A Nehemiya sura 5, waɗanda suka karɓe gonakin talakawa da 'ya'yansu ba Farisawa ba ne, 'yan'uwansu Yahudawa ne. Nehemiya kuwa, kafin ya sa kowa ya mayar, ya faɗa a gaban taro cewa shi ma da mutanensa suna cikin masu ba da rancen.

Wani abu kuma da dattijo na biyu bai faɗa ba: yafewa ba ta sa bashi ya ɓace, wani ne yake ɗauka. Talanti dubu goman nan daga baitulmalin sarki suka fita. Namu bashin na zunubi ma ba a share shi da baki ba, a kan gicciye aka biya. In muka yafe geron gidaje bakwai, ramin yana nan a rumbu, wata gwauruwa kuma za ta zo baɗi ta tarar babu.

Ga abin da zan kai wa dattawa. Mu bi gidajen ɗaya ɗaya, mu yi sallama mu tsaya a ƙofa, kada a kira sunan kowa a sujada. Mai awaki ko sana'ar rani ya biya kaɗan kaɗan har kaka biyu, ba ƙari. Gida biyu da maigidan ya rasu ya bar marayu, a soke nasu daga littafi. Kada kowa ya sayar da gona, ko iri, ko jakin da yake aiki da shi, saboda rumbun Allah. Uku daga cikinsu wani ɗan kasuwa ma yana binsu, don haka sai mu je wurinsa tare da mai gari, in ba haka ba abin da muka bari shi zai kwashe. Ramin da ya ragu kuwa, waɗanda gonarsu ta yi kyau bana su cike shi.

Gonata ta fadama tana cikin waɗanda suka yi kyau. Ni da uwargida mun ƙirga dammunan da za mu iya fitarwa, nata lissafin da nawa ba su zo ɗaya ba tukuna, gama ita ta san abin da yara suke ci. Taron dattawan ran Laraba ne bayan addu'ar yamma. Ka tuna da mu.