Wa Zai Gyara Mai Gyara?

A shekarar 2009, dubban masu neman aikin koyarwa suka rubuta jarrabawa a jihar Uttar Pradesh ta Indiya. Da sakamako ya fito, wasunsu suka garzaya kotu, suna cewa cikin amsoshin da hukuma ta yi maki da su akwai na kuskure. Sai a Disambar 2017 Kotun Ƙolin ƙasar ta rufe maganar, a shari'ar Ran Vijay Singh. Ta ce a ɗauki amsar hukuma daidai ce, sai in mai ƙara ya nuna kuskurenta ƙarara. Idan kuwa akwai shakka, hukuma ce ke da rinjaye.

Na ga hikimar hukuncin. Alƙali ba masanin kowane fanni ba ne, kuma shekara da shekaru ana shari'a azaba ce ga wanda ya ci da wanda ya faɗi. Amma ni da na kammala digiri nake neman aiki, na san maki ɗaya na iya raba mutum da abincinsa. Yaya za a ce wanda ya faɗi gaskiya ya yi haƙuri don kawai magana ta ƙare?

A ganina, amincewar da kotu ta ba hukuma amana ce. Haƙƙin wannan amana shi ne ta bayyana amsoshinta kafin sakamako, ta saurari ƙorafi, ta amsa kuskurenta ba tare da jin kunya ba. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.