Ƙawancen Siyasa: Alkawari ne ko Ciniki?

Ran 17 ga watan Afrilu 1999, majalisar wakilan Indiya ta kaɗa ƙuri'a a kan gwamnatin Atal Bihari Vajpayee. Masu goyon baya 269, masu ƙi 270. Ƙuri'a ɗaya tak ta kayar da gwamnatin ƙasa mai mutane kusan miliyan dubu, bayan wata 13 bisa mulki. Abin da ya faru a wannan shekara ya ɗaga wata tsohuwar tambaya: in jam'iyyu suka ƙulla ƙawance, amana ce suka ɗauka, ko kuwa ciniki ne da kowa ke iya fasawa ran da riba ta ƙare?

Jam'iyyar Vajpayee, wato BJP, ba ta samu rinjaye ita kaɗai ba a zaɓen 1998, sai ta jingina da ƙananan jam'iyyu fiye da goma. Cikinsu akwai AIADMK ta Jayalalithaa, daga jihar Tamil Nadu, mai kujeru 18. Ta nemi a rushe gwamnatin abokan hamayyarta na DMK a jihar, ta kuma nemi a sauke ministan tsaro George Fernandes, alhali ita kanta tana fuskantar shari'o'in cin hanci. Da buƙatunta ba su biya ba, sai ta janye.

Masu kare ta suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Ƙaramar jam'iyya ba baiwar babba ba ce. In aka hana ta ficewa, an raba ta da makami guda da take da shi, ƙawance kuwa ya zama haɗiya. Wanda ba shi da ikon cewa a'a, amincewarsa ba ta da daraja. Saboda haka ficewa a kanta ba cin amana ba ne.

Amma iko da abu daban, dacewarsa daban. A ganina ma'auni biyu ne ke raba ficewar mutunci da ta son zuciya. Na farko: shin dalilin ficewar abu ne da za a iya faɗa wa mai zaɓe ido da ido? Alkawarin ƙawance ba tsakanin shugabanni kawai ya tsaya ba, domin talakan da ya jefa ƙuri'a ya jefa ta ne da sanin wa ke tafiya da wa. Shi ne na uku a wannan yarjejeniya, shi ne kuma ba a shawarta ran da aka warware ta. Na biyu: shin mai rushewa ya tanadi abin da zai gina? Sonia Gandhi ta jam'iyyar Congress ta shaida cewa tana da wakilai 272, amma lissafin bai cika ba. Aka rushe majalisa, Indiya ta shiga zaɓe na uku tun daga 1996, kuma yaƙin Kargil da Pakistan ya tarar da ƙasar a hannun gwamnatin riƙon ƙwarya.

Kada a ɗauka cewa ɗaya ɓangaren tsarkakakke ne. DMK, wadda aka nemi rushe gwamnatinta, ita ce ta maye gurbin AIADMK a ƙawancen Vajpayee, duk da tazarar aƙida da ke tsakaninta da BJP. Akwatin zaɓe ma ba alƙalin ɗabi'a ba ne: ya mayar da Vajpayee bisa mulki a watan Oktoba 1999, ya kuma mayar da Jayalalithaa shugabancin jiharta a 2001.

To, mene ne ya rage? Duk da rikicin, wanda ya faɗi da ƙuri'a ɗaya ya miƙa takardar murabus, ba a kira soja ba, aka koma ga jama'a. Mu da muka ga yadda wargajewar ƙawancen AFC a 1994 ta share hanyar juyin mulkin Janairu 1996 mun san nauyin wannan. Ƴan siyasa na iya saɓa wa junansu ƙasa ta tsira, muddin akwai alkawari guda da ba su taɓawa, wato yarda da ƙidayar ƙuri'a ko da ta kayar da su.