Zabura ta 137 a Ƙasar da Ake Biyan Kuɗin Fansa

Tun da aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya ya yi wa hidima shekaru da dama, Kiristan Dayi yake iya karanta nassi da harshen da ya sha a nono. Wannan alheri ya zo da nauyi, domin ayar da ke da ɗaci ta fi ɗaci idan ta shiga kunne ba tafinta. A cikin irin waɗannan ayoyi, wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ƙarshen Zabura ta 137, inda mawaƙi ke yi wa jariran Babila fatan mutuwa mai muni. Yaya Allah mai nagarta zai bar irin wannan addu'a a littafinsa?

A yankinmu tambayar ta wuce muhawarar aji. A Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, maƙwabciyar Malumfashi. Manomin da ya sayar da masararsa don ya fanso ɗansa ya san zafin da ya haifi wannan waƙa, domin mawaƙin ma ya ga Babila ta rushe Urushalima ta kwashi mutanensa zuwa bauta. Jiki magayi.

Akwai hanyoyi biyu masu sauƙi, kuma ban yarda da ko ɗaya ba. Ta farko ita ce ta Markiyon, wanda ya yi watsi da Tsohon Alkawari gaba ɗaya, har ikkilisiyar Roma ta fitar da shi a wajen shekara ta 144. Wanda ya bi sawunsa zai rage da littafi mai laushi, amma ba zai sami abin karanta wa uwar da aka ƙone mata rumbu ba. Hanya ta biyu ita ce a ɗauki ayar a matsayin izinin ramuwar gayya, a auka wa rugar da ba ta san hawa ba balle sauka.

Abin da na lura da shi shi ne, mawaƙin ya kai fushinsa gaban Allah ne, hannunsa bai taɓa wuƙa ba. Nassi ya adana kukansa yadda ya fito, kamar yadda ya adana ƙorafin Ayuba. Wannan ya nuna mini Allah yana sauraron wanda aka zalunta ko da bakinsa ya yi kaushi. Hukuncin abin da za a yi da fushin kuwa yana ga gicciye, inda Yesu Almasihu ya roƙa wa masu kashe shi gafara, kamar yadda Luka ya ruwaito a sura ta 23. Da wannan ma'auni nake auna kowace aya mai wuya.

Duk da haka ayar ba ta daina yi mini ciwo ba, kuma ina ganin bai kamata ta daina ba. Annabi Habakkuk ya fara littafinsa da tuhumar Allah a kan zalunci, ya rufe shi da dogara gare shi alhali gonaki ba su ba da amfani ba, garke kuma babu dabba. Manomin Dayi da aka kora wa shanu ya san wannan garke. Bangaskiyar da nake roƙa masa, da ni kaina, ita ce wadda za ta faɗa wa Allah dukan abin da ke cikinta, sannan da gari ya waye ta gai da maƙwabci.