Baiwar Ɗa da Burin Uba

Duk sa'ad da na ratsa Titi na 135 a Harlem, Fats Waller kan faɗo mini a rai. An haife shi a 1904. Yana ɗan shekara 15 ya zama makaɗin ogan, kayan kiɗan nan mai bututu, a sinimar Lincoln. Mahaifinsa mai wa'azi ya ƙyamaci sana'ar. Da mahaifiyarsa ta rasu a 1920, yaron ya bar gida, James P. Johnson ya horar da shi.

Ni ma uba ne. Tarbiyya wajibina ce, amma baiwa ba ni na bayar ba. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai in aka matsa, karyewa yake yi. Tsorona kada in tsare burina, in rasa ɗana.